Tsuntsun Kiranye

Sunana Sada. Masunci ne ni, ɗan masunci, daga wani ƙauye a ƙasar Mai'adua, gab da madatsar ruwa. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Ba na son labarin da ake farowa daga tsakiya, don haka zan kawo nawa bi da bi, yadda hanya ta kawo shi.

Tsuntsu ne dalilin tafiyar. Akwai wanda mu masunta muke kira shahon kifi. Bayansa ƙasa-ƙasa ne, cikinsa fari, da baƙin zane ta kan ido kamar an ja masa kwalli. Ba ya cin komai sai kifi. Yakan zo mana bayan ɗaukewar damina, ya ɓace kafin zafi ya kankama, ba mu kuma taɓa tambayar inda yake zuwa ba. Wata malamar jami'a, Dokta Hadiza, ta zo madatsarmu tana binciken irin waɗannan tsuntsaye, ta ɗauke ni ina tuƙa mata kwalekwale. Da ta ga ba na makara, ba na kuma surutu a kan ruwa, sai ta sa ni cikin waɗanda za a tura ƙasar Senegal su koyo aikin na tsawon sanyi ɗaya, a inda kogi yake shiga teku, domin can tsuntsayen suke taruwa da yawa. In na dawo, ni zan riƙa lura da namu na gida.

Ta mota na tafi. Daga Damagaram har Yamai ban ɗauki kaina baƙo ba, domin duk inda aka tsaya Hausa ake yi, tuwo ma irin namu ne.

A Yamai aka fara koya mini baƙunci. Wani mutum ya tare ni a tasha da fara'a, ya ji bakina, ya ce ai mahaifiyarsa mutuniyar Daura ce, har ya ambaci rijiyar Kusugu. Ya ɗauki jakata da kansa ya sa ni a wata mota, ya rantse ba za ta tsaya ba sai Bamako. Motar ta tsallake iyaka, ta tsaya a wani ƙaramin gari, direba ya ce iyakarsa ke nan, shi bai taɓa ganin Bamako ba ma. Tun ran nan na yanke cewa ba zan ƙara yarda da mutum don kawai ya ambaci garinmu ba.

Wani direban motar albasa ne ya fid da ni daga nan. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa. Ya dube ni ya dubi jakata, ya nuna mini saman buhuna. Hanyar ba lafiya, sai a ayari ake tafiya, da rana kawai, in an ce a tsaya kuwa kowa sai ya yi tsit. Na yi kwanaki a kan albasar nan har warinta ya shiga gashina. A tashar Bamako zazzaɓi ya fara taɓa ni. Wata mai sayar da kunu ta ga ina rawar sanyi da rana tsaka, ta cika mini kofi, da na sa hannu a aljihu ta ture hannuna tana yi mini faɗa da yarensu. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Ban iya tuna sauran hanyar sosai ba. Na dai san na sauka a garin bakin teku ƙafafuna ba sa ɗaukata. Na tambayi mutanen tasha ofishin masu tsuntsaye, ba wanda ya gane. Da suka ji Hausa sai suka nuna mini wani hayaƙi a kusurwar kasuwa. A ƙasar nan, in an ce Bahaushe, mai gasa nama suke nufi.

Dattijo ne mai farin gemu, yana juya tsire. Na yi sallama, ya ɗago da sauri.

"Wa alaikumus salamu. Wannan bakin na ina ne?"

"Ƙasar Daura, Baba."

"Daura ta ina? Daura da faɗi."

"Mai'adua."

Ya ajiye wuƙa ya ce shi mutumin Baure ne, sunansa Ilu, ya baro gida tun yana saurayi. Na tuna mutumin Yamai, na ƙara riƙe jakata. Ya lura, ya yi dariya.

"Riƙe abinka, yaro. Wani ya riga ni cin ka a hanya, na gani. Mece ce sana'arka?"

Na ce su. Ya tafa hannu. Tsakanin mahauta da masunta akwai wasa tun kakanni, shi kuwa ya daɗe bai sami abokin wasa ba.

"Masunci! Shi ya sa ƙudaje suka bar namana suka koma kanka. To me ya kawo ɗan ƙarni har nan? Ruwan Daura ya ƙare?"

Kafin in rama, a nan na yanke jiki na faɗi.

Na farfaɗo a gidansa. Ɗaki ne mai tsabta, da katifa, da tufafin namiji a ninke a kan akwati. Matarsa, wadda nake kira Inna, ita ta yi jinyata. Ta kira mai allura, ta dama mini koko, ta wanke tufafina har warin albasa ya fita. Da na ji sauƙi na ce zan nemi wurin zama, Baba Ilu ya ɓata rai. Ya ce a ƙasar da ba taka ba, wanda ya fara sauke ka shi ne ubanka har ka bar garin, haka aka yi masa da ya zo, haka shi ma zai yi.

Daga baya na san ɗakin na ɗansu ne, Sanusi, shi kaɗai Allah Ya bar musu. Ya shiga kwalekwale da wasu samari suka nufi ƙasar Turawa ta teku. Shekaru sun shige, ba waya, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi a raye ko a mace. Inna takan fito da tufafinsa ta shanya ta sake ninkewa. A kan katifarsa nake kwana.

Shugabar aikinmu wata mace ce 'yar ƙasar, Madam Awa, da ɗan Turancin da muke da shi muke fahimtar juna. Ta tsara mana aikin, ni kuwa ina son abu mai tsari. Da safe mu shiga ruwa mu nemi tsuntsayen a inda suke sauka. Mu kafa madubin hangen nesa mai ƙafa uku mu duba ƙafafunsu. Da yamma mu bi gaɓa muna tsince tsofaffin tarun roba da masunta suka yar, domin tsuntsu kan faɗo wa kifi ya sarƙe a ciki ya nutse. Wani lokaci mu zauna da masuntan mu roƙe su su daina yarwa, su kuma bar busassun itatuwan bakin ruwa a tsaye.

A nan na sami amsar abin da ban taɓa tambaya ba. Ashe a ƙasar Turawa tsuntsayen suke ƙyanƙyasa. Tun suna cikin sheƙa masu bincike na can suke sa wa waɗansu zobe a ƙafa, mai haruffa da lambobi. In mun karanta zoben a nan muka sanar, sai a san wane ne ya rayu, daga ina ya taso, ina ya sauka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tsuntsun da ya manyanta ba ya sauya masauki. Zai tsallake teku da hamada, ya je ya yi iyali, ya dawo ya sauka a kan itacen da ya bari. Akwai wani mai shuɗin zobe da Madam Awa ta ce ya daɗe yana dawowa kan wani busasshen itace a bakin laka. Na sa masa suna Mai Shuɗi, ta kuma ba ni amanar lura da shi.

Da yamma nakan zauna wajen tukubar Baba Ilu ina taya shi soke nama, shi kuma yana tsokanata.

"Ɗan ƙarni, yau ƙafa nawa ka leƙa? Mutum ya tsallake ƙasashe don ya kalli ƙafar tsuntsu! In ka koma Mai'adua kada ka faɗa, za su ɗaure ka."

Ni kuma don in rama, sai na ba shi labarin Mai Shuɗi. Na ce tsuntsun da yake rainawa ya fi shi sanin hanya, domin yana zuwa ƙasar Turawa ya dawo kowace shekara, bai taɓa ɓata ba, shi kuwa Baure ma ta gagare shi komawa. Na ce har rubutu ne da shi a ƙafa. Na zaci zai yi dariya. Sai na ga ya daina juya nama.

"Yana zuwa can ya dawo?"

"Kowace shekara, Baba."

"Kan itace ɗaya?"

"Itace ɗaya."

Tsiren da ke gabansa har ya ƙone.

Bayan 'yan kwanaki, mun gama cin abinci a tsakar gida, Inna ta zo ta zauna nesa kaɗan, abin da ba ta saba ba. Baba Ilu ya yi gyaran murya. Ya ce sun je wurin wani mai magani, ɗan ƙasarmu ne shi ma, sun gaya masa labarin tsuntsun. Mai maganin ya ce wannan rubutun na ƙafarsa hatimi ne, shi ne yake jawo shi gida. In aka samo ƙafar da zoben a jikinta, za a haɗa kiranye, wato maganin da ake yi don a jawo wanda ya yi nisa ya ƙi dawowa. Ko a bayan teku Sanusi yake, sai ya kasa zaune ya kasa tsaye har ya zo.

Na ce, "Baba, ba hatimi ba ne. Lamba ce kawai, irin ta mota. Bature ne ya sa masa."

"To me ke dawo da shi?"

"Allah ne Ya halicce shi haka."

"Ka gani da idonka marasa zoben suna dawowa?"

Gaskiya mara zobe ba a iya shaida shi. Na yi ƙoƙarin bayyana masa hakan, amma ni kaina na ji maganar tana goyon bayansa.

Inna ta sa baki, muryarta ƙasa-ƙasa. "Sada, tsuntsu ɗaya ne fa. Ga su nan cike da bakin ruwa. Ni kuwa ɗaya gare ni."

Na sunkuyar da kai na ce amana aka ba ni, ba zan iya ba. Na ƙara da cewa irin wannan magani ba shi da kyau a addini, mu dage da addu'a. Gaskiya na faɗa, amma na faɗe ta da ƙoshin tuwonta a cikina. Ta tashi ta kwashe kwanuka.

Na ɗauka magana ta mutu. Wata safiya ruwa ya janye, na je duba Mai Shuɗi ni kaɗai. Tun daga nesa na hangi mutum a gindin itacen. Na kafa madubi na duba, sai ga Baba Ilu, laka har gwiwa, ya naɗe wando, yana ɗaura kifi a jikin reshe, ya kewaye shi da zargen zaren taru. Dattijon da ko tsallake kwata sai ya dafa bango, shi ne ya ratso lakar nan. Tsuntsun yana sama yana kewaya.

Na shiga lakar na same shi. Bai ɓoye komai ba.

"Ka zo da wuri, ɗan ƙarni."

"Baba, ka yi haƙuri."

"Ba na ce ka kama mini ba. Juya baya kawai za ka yi. Ka je ka leƙi ƙafar wani."

Na fito da wuƙata na yanke zargen a gabansa, ɗaya bayan ɗaya, na kwance kifin na jefa a ruwa. Yana tsaye yana kallona. Da na gama sai ƙafarsa ta kafe a laka, ya kasa cirewa. Ni na goyo shi a bayana har tudu. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Yana bayana ya ce, "Rabon da a goye ni tun Sanusi yana nan, ranar da na karye."

Dokar aikinmu ita ce duk wanda ya ga tarko ya sanar. Na sanar. Madam Awa ta dubi zaren, ta tambaye ni ko na san wanda ya ɗana. Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Amma an tambaye ni kai tsaye, ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar ƙarya ba. Na faɗi sunansa. Na roƙe ta a bar maganar a tsakaninmu, na gaya mata labarin Sanusi. Idonta ya kawo ruwa, ta ce ita ma ƙanenta ta wannan hanyar ya bi. Amma ta ce wurin yana ƙarƙashin masu gadin daji, dole su sani, in ba haka ba mai maganin zai tura wani.

Masu gadin ba su kama shi ba, ba su kuma ci mutuncinsa ba. Sun je wajen tukubarsa ne suka ja masa kunne. Sai dai a kasuwa ne, a gaban jama'a, shi kuwa baƙo ne a ƙasar duk da tsawon zamansa. Kafin la'asar duk Hausawan garin sun ji cewa yaron da Ilu ya tsinta a tasha ya yi jinya, shi ne ya kai ƙararsa saboda tsuntsu. Na shiga masallaci aka matsa mini wuri fiye da yadda nake bukata. Na gaida Inna, ta ci gaba da tankaɗe.

Ran nan na kwashe kayana na koma ɗakin ajiya na ofis, tsakanin taruna da fitilu. Ana kiran magariba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba Ilu ne, riƙe da kwano a ɗaure cikin ƙyalle.

Na ce, "Baba, don Allah ka koma da shi. Ban cancanta ba."

"Wa ya tambaye ka? Ni na sauke ka a garin nan. Kwanonka ba zai tsaya ba sai ranar da ka hau mota."

"Inna ta sani?"

"Wa kake tsammani ya tuƙa? Ni na iya tuwo?"

Ya ajiye ya juya. Haka ya yi ta yi kullum har ƙarshen zamana, da ƙafarsa mai ciwo, daga wancan gefen gari. Ba ya zama, ba ya tsokanata, ya daina kirana ɗan ƙarni. Sada kawai yake cewa. Na sha wahala a hanya, an cuce ni, na kwanta ciwo, amma ban haɗu da abin da ya yi mini wuya kamar cin tuwon nan ba. Kuma ina cinyewa, domin mayar da shi ya fi muni.

Sanyi ya fara ja baya, lokacin komawata ya yi, tsuntsayen ma sun fara shirin tashi. Ana gobe zan tafi Baba Ilu ya ce in kai shi ya ga tsuntsun da kyau. Na nemi izinin Madam Awa, na kafa masa madubi a kan tudu. Ya daɗe yana leƙawa da ido ɗaya.

"Kai, ashe kyakkyawa ne. Dubi kwalli." Ya ɗago kai. "Yaushe zai tashi?"

"Ya kusa, Baba."

"Ta kan teku zai bi?"

"Ta gaɓa, sannan ya tsallaka."

Ya gyaɗa kai. Washegari ya raka ni tasha ya ba ni ƙullin kilishi. Inna ba ta fito ba. Na roƙi gafararsa, ya ce in gaida Baure in na bi ta can, ko da ba wanda zai tuna shi.

Na dawo gida lafiya na kama aikin da aka tura ni koya. Ina kewaya madatsarmu, ina tsince taru, ina yi wa 'yan'uwana masunta faɗa har sun sa mini suna Sarkin Shaho. Mutane sun ce na yi abin kirki a can. Dokta Hadiza ma ta ce Madam Awa ta yabe ni. Ban taɓa cewa na yi kuskure da na yanke zargen nan ba, in aka sake ma zan yanke. Na san ƙafar tsuntsu ba ta dawo da mutum. Amma sanin haka bai taɓa sauƙaƙa mini ba in na tuna Inna tana ninke tufafin nan.

Damina ta zo ta wuce. Ana yankan gero, ina gaɓa ina gyaran kwalekwale da hantsi, waya ta yi ƙara. Lambar waje ce. Na ji muryar Baba Ilu.

"Sada! Ya dawo!"

Na miƙe tsaye har guduma ta faɗi a ruwa. Na ce, "Alhamdu lillahi! Baba, Sanusi? Yaushe? Yana lafiya?"

Ina jin ƙarar teku a bayansa.

"A'a, ɗan ƙarni," in ji shi a hankali. "Naka. Yana kan itacensa tun jiya. Kullum nakan zo in duba tun da ka tafi. Zoben ma yana nan a ƙafarsa. Na ce bari in gaya maka, na san za ka so ka sanar."

Na ce na gode, Baba. Na tambayi Inna, ya ce tana nan, ta shanya kaya.

Aikina ne in sanar, na kuwa sanar. Dokta Hadiza ta yi murna ƙwarai. Ni kuma na ja kwalekwalen na kife shi a gaɓa, ran nan ban shiga ruwa ba.